Janar Karim Bai Haye Kogin Ba

Wannan babi na yi ta ɗaga shi tun da na fara rubuta maku tarihina. Na rubuta na makarantar allo, na rubuta na aikin ruwa, har na hawan jinin da ya kwantar da ni na rubuta, duk don in kauce mashi. To, yau ba sauran wurin kaucewa. Ku 'ya'yana kun tashi kun tarar da sunan Janar Karim a gidan nan kamar yadda kuka tarar da rijiyar tsakar gida, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya gina ta. Kun san janar ne na Tarayyar Sobiyet, Musulmi, wanda na sani lokacin da nake karatu a can, kuma sunansa yayanku marigayi Abdulkarim ya ci. Kun san littattafan nan bakwai masu shuɗin bango da ke cikin akwatin ƙarfe. Abin da ba ku sani ba shi ne mutumin bai taɓa zama janar ba. Mai gadi ne. Ni na ba shi muƙamin, a kan teburin falo, da biro.

Na san shi a sanyin farko da na yi a ƙasar. An tura mu karatun aikin ruwa a wani gari na bakin babban kogi, aka sauke mu a wani dogon bene na ɗalibai. Shi ke tsaron ƙofa, shi ke kula da tukunyar da ke ɗumama ginin, shi ke share ƙanƙarar bakin ƙofa da safe. Dattijo ne gajere, ɗan ƙabilar Tatar, yatsu biyu na hannunsa na hagu babu. Ni kuwa ɗan Gobarau, wanda bai taɓa ganin sanyin da ya fi ƙarfin bargo ɗaya ba, sai na riƙa alwala da ruwan famfo ina laɓewa ƙarƙashin matakala in yi salla, don a can ba a son ganin mai salla a fili. Ran nan ina sallame la'asar na gan shi tsaye a kaina da tsintsiyarsa. Na ce a raina shi ke nan, yau za a kai ni ƙara. Ya kama hannun rigata ya ja ni ɗakin tukunyar, ya nuna mani wani lungu mai ɗumi, ya shimfiɗa kwali. Lungun nan shi ya zama masallacina shekara biyar. Rabin Fatiha kawai ya rage mashi daga abin da kakarsa ta koya mashi, ni na cika mashi sauran, shi kuma ya gyara mani Rashancina da shayi da busasshen kifi.

Labarin kogin sau ɗaya tak ya ba ni, shi ma don na matsa ne. Kowace shekara wani ƙunshi kan zo mashi daga ƙauye, kwalbar zuma da safar ulu, na dame shi da tambayar wa ke aikowa. Ya ce ɗaya daga cikin sojojinsa ne. Na yi dariya, na zaci wasa yake. Sai ya ce a yaƙin duniya na biyu shi kyaftin ne, da mutane a ƙarƙashinsa. A ƙarshen sanyi aka ba shi umurni ya haye da su wani kogi a kan ƙanƙara. Ya sauka da sanda ya taka ta da ƙafarsa, ya ji ta fara laushi, ya dawo ya ce ba za ta ɗauke su ba. Aka sake ba shi umurnin, ya sake cewa a'a. Aka cire mashi anini a gaban mutanensa, aka tura shi kurkuku can arewa, inda sanyi ya ci yatsun nan biyu. Waɗanda aka tura a madadinsu kuwa ƙanƙara ta fashe da su. Na tambaye shi ko yana nadama. Ya juya kwalbar a hannunsa ya ce:

"Da na ce to, da wataƙila yau janar nake. Sa'o'ina da suka ce to sun zama. Sai dai su ba a aiko masu da zuma."

A shekarata ta ƙarshe ya rasu. Ni da wani ɗan Sudan da wani ɗan Mali muka roƙa aka bar mu muka yi mashi wanka, muka sallace shi mu ukku. Abin da na dawo da shi nasa hoto ɗaya ne, wanda wani abokin karatu ya ɗauka: yana tsaye bakin ƙofa cikin tsohon kwat, riƙe da tsintsiya.

Da na dawo na auri mahaifiyarku Hajiya Indo, Allah ya ba mu namiji, na ce sunansa Abdulkarim. Ita na gaya mata gaskiyar wanda aka yi ma takwara, na nuna mata hoton, ta ce Allah ya jiƙan bawan Allah. Sauran dangi ba su tambaya ba, suna ne na Musulmi, shi ke nan. Sai dai ku na yanzu dole in yi maku bayanin wani abu, don na ga kuna rungumar 'ya'yanku na fari a gaban surukai ba ko kunya. Mu a gidanmu ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zama hira da shi. In kana da magana da shi ka gaya ma yayanka ya gaya mashi, in shi ke da magana da kai ta nan za ta biyo. Ba banza ake ce ma garin nan ɗakin kara ba. Hajiya "yaron nan" take ce mashi, ni kuwa "kai". Ba rashin so ba ne, wallahi ban san wanda na so kamarsa ba. Haka muka taras, haka muka yi.

Yana da shekara tara rediyo ta fara kawo labarin Tarayyar Sobiyet na watsewa. Lokacin muna da majalisa a ƙofar shagon kayan gini na Baffanku, Yaya Mamman, a Ƙofar Kaura, daga la'asar zuwa magariba. Akwai Malam Ɗahiru limamin unguwar, akwai Alhaji Garba mai fata, wanda ya je Ingila sau ɗaya ya kwana goma ya shekara ashirin yana ba da labari. Da yake ni ne na zauna can, kowa ni yake kallo. Na yi masu bayanin layin burodi da na masana'antu, ba wanda ya ji daɗinsa. Alhaji Garba ya gyara hula ya ce shi fa a Ingila har da wani babban alƙali ya gaisa, ni shekara biyar a Rasha wa na sani, ko duk a cikin bututun ruwa na ƙare? Aka yi dariya. Raina ya sosu, na ji bakina ya ce:

"Na san janar ɗinsu guda, Musulmi, Janar Karim. Da Allah ya ba shi tsawon rai da ƙasar nan ba ta watse ba."

Magana zarar bunu. Malam Ɗahiru ya matso da buzunsa ya ce ashe akwai Musulmi a cikin manyansu, in ba su labari. Na ce sai gobe. Na koma gida na ɗauko sabon littafin rubutu na zauna. Ba zan ɓoye maku ba, abu biyu ne suka riƙe mani biron. Na ɗaya girman kai, ina jin kunyar a ce babban wanda na sani a ƙasar Turawa mai shara ne. Na biyu kuwa, ina jin haushin abin da aka yi ma dattijon, ina so in mayar mashi da aninin da aka ƙwace, ko a takarda ne. Wanne ya fi nauyi a cikinsu, Allah ne masani, amma ina zargin na farkon.

A littafi na ɗaya na tsayar da Kyaftin Karim a bakin kogin, na ba shi sandarsa, na sa ya taka ƙanƙarar ya ji laushinta. A nan na juya labarin. Maimakon ya dawo ya ce a'a, sai na sa ya waiwayi mutanensa ya ce jagora shi ke fara shiga ruwa, ya wuce gaba, suka bi sawunsa ɗaya bayan ɗaya har suka haye ba wanda ya jiƙe. Na tuna da na rubuta maganar nan har na miƙe na zaga falon don daɗinta. Daga nan hanya ta buɗe. Aka ba shi manjo, ya riƙe wata gada kwana tara da igwa biyu. Aka ba shi kanar, aka tura shi bakin iyaka cikin hamada, ya haƙa ma rundunarsa rijiyoyi da har abokan gaba suka riƙa zuwa roƙon ruwa. A nan Yaya Mamman ya ce wannan janar naka ya fi son famfo da bindiga, da gani abokinka ne. A littafi na biyar ya zama janar. A na shida, da ƙasar ta zo watsewa, ya shigo babban birni da tankokinsa bai harba ko ɗaya ba, ya tara shugabannin a ɗaki ɗaya da butar shayi ɗaya, ya kulle ƙofa ya ce ba mai fita sai sun shirya, kamar dai yadda Yaya Mamman ke raba gardamar gado. Tarayyar ta tsira, aka buɗe masallatai. A na bakwai na kai shi aikin hajji, a hanyar dawowa ya biyo ta Katsina ya ga hasumiyar Gobarau, ya ce ta fi tasu.

Kada ku ɗauka mutanen majalisar wawaye ne. Sun san Tarayyar ta watse, suna jin rediyo. Da janar ya sauka Katsina har Alhaji Garba sai da ya riƙe ciki don dariya. Tun farko na ce masu labarin "da a ce" ne, suka yarda a kan haka. Abin da ban gaya masu ba shi ne inda "da a ce" ɗin ta fara. Su a zatonsu tsawon ran kawai na ƙara mashi, yaƙe-yaƙen da muƙaman duk gaskiya ne. Alhali tun daga bakin kogi ba sauran gaskiya ko ƙwaya ɗaya. Hajiya kaɗai ta sani. Ranar da ta fara jin ina karantawa ta leƙo daga madafa ta ce, Malam, mai gadin nan kuma yaushe aka ƙara mashi girma? Na ce ta bar ni, nishaɗi ne. Ta ce to, Allah ya sa nishaɗin ne.

Kafin in kai kowane babi majalisa nakan karanta shi a falo, wai ina karanta ma ƙananan. Ku lokacin ba abin da kuke ganewa, barci ma kuke yi. Yayanku nake karanta mawa. Yakan zauna bayan ƙofa inda ba za mu haɗa ido ba, ni kuma in ɗaga murya. Duk abin da nake so in gaya ma ɗana na fari kunya ta hana, sai in sa a bakin janar: riƙon amana, tsayuwa kan salla, kada ka ci kafin na ƙasa da kai su ci. Iyakar hirar da na taɓa yi da shi ke nan. 'Yan majalisa suka laƙaba mashi Janar, sunan ya bi shi makaranta. Hajiya ma ta samu sauƙi, ta daina cewa "yaron nan" ta koma cewa Janar.

Shekarar da nake so ku sani ita ce wadda ya gama sakandare. Ni aikin injiniya nake yi mashi fata. Ashe ya cike takardar makarantar hafsoshin soja, ya yi jarrabawa, ya ci, ban sani ba. Yadda aka saba, Baffansa ya fara gaya mawa. Yaya Mamman ya zo gida da fara'arsa, ya zauna muka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da gajiya, sannan ya ce albishirinka, abin da ka shuka ya fito, Janar zai zama janar. Ya ce yaron ya gaya mashi tun yana ɗan shekara tara ba shi da wani buri sai ya gaji mai sunansa. Na ce madalla. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa ga ta ta yi, har ɗan ya isa shiga soja.

Hajiya ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ɗan fari ne, ba ta da wannan damar. Mata suna shigowa barka tana amsawa. Sai dai miya ta fara zuwa da gishiri sau biyu, ita kuma tuwonta na komawa yadda aka zubo shi. Bayan kwana huɗu, da hantsi, kun tafi makaranta, ta same ni ina ɗaura agogo ta tsaya bakin ƙofa, ranar ba ta ce Janar ba, ta ce:

"Malam, ni ba ni da bakin magana a kan yaron nan, ka sani. Kai ma ba ka da shi, amma kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ban ce ka hana shi ba. Ka nuna mashi hoton. In ya gani ya ce zai tafi, Allah ya tsare."

Na yi mata alkawari. Wata ukku ke gare ni kafin ranar tafiya, hanya kuwa biyu ce. Ko in bi ta Yaya Mamman yadda al'ada ta tsara, ko in kira yaron da kaina. In na bi ta Yaya, sai na fara gaya mashi cewa shekara tara ina zaune a ƙofar shagonsa ina shirga mashi ƙarya. Malam Ɗahiru duk azumi sai ya sa Janar Karim cikin addu'ar mamata, jama'a na cewa amin. Alhaji Garba kuwa da ya ji, har kabari zai bi ni da dariya. Sau biyu ina zuwa shagon da niyya, sau biyu ina ɓigewa da hirar tsadar siminti. Na ce to bari in gwada ta biyun. Ran nan na aika a kira shi. Ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce ga ni, Baba. Na dube shi, ƙaton saurayi, wuyansa irin na mahaifina. Shekara goma sha takwas ban taɓa yi mashi magana ta wuce tsawon aike ba, yau in fara da cewa ubanka maƙaryaci ne? Na tambaye shi ko ya sayi bokiti da takalmin da aka rubuta masu. Ya ce ya saya. Na ce tashi ka tafi.

Ranar tafiya na sa hoton a aljihun gaban riga. Uba ba ya raka ɗan fari, Baffansa ne zai kai shi tasha, amma na ce ai hanyar ofis ce, bari in sauke su. A tasha Yaya Mamman ya tafi sayo mashi kilishi, ya bar mu mu biyu tsaye a jikin mota. Na sa hannu a aljihu, na ji gefen hoton a yatsana. Kafin in buɗe baki shi ya riga ni. Ya zuge jakarsa ya fito da littafi na ɗaya, bai ɗago kai ba ya ce:

"Baba, na ɗauko wannan ban nemi izini ba. In ka yarda in tafi da shi."

Wannan ne karo na farko da ya roƙe ni wani abu baki da baki, ba ta hannun kowa ba. Na ga yadda ya riƙe littafin da hannu biyu. Na zare hannuna daga aljihu ba komai a cikinsa, na ce ya tafi da shi, Allah ya yi mashi albarka. Ya ce amin. Yaya ya dawo da kilishi, mota ta cika, ta tashi.

Da na koma gida Hajiya ta dubi fuskata sau ɗaya, ba ta tambaye ni ba. Washegari da za a kai wanki ta ciro hoton daga aljihun, ta mayar da shi akwati ƙarƙashin littattafan. Ba ta sake ɗaga maganar ba. Da zagina ta yi da ya fi mani sauƙi.

Ya yi aikinsa da kyau, wannan kun sani. Ya fito laftanar, ya zama kyaftin, ya yi aure, aka haifi Abba aka sa mashi sunana. Ranar da aka ba shi kyaftin na ce a raina yau ka kai mai sunanka, iyakarsa ke nan, amma a raina maganar ta tsaya. Duk hutun da ya zo sai in ce wannan karon zan gaya mashi, sai ya durƙusa ya gaishe ni, in tambaye shi hanya, ya tashi. Mun koma unguwar Kambarawa, an ba shi manjo, an tura su arewa maso gabas. Shekara goma sha biyar ina cewa sai hutu mai zuwa.

Ranar ukku da rasuwarsa muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, wani sajan ya zo, hannunsa ɗaya a naɗe. Ya ce yana cikin mutanensa. Ya ba da labari a taƙaice: damina ce, kogi ya kawo, akwai wani ƙauye a ƙetare da ake so su kai ma ɗauki, aka buɗe masu wuta daga wancan gefen. Sannan ya share ido ya ce:

"Baba, ba mu taɓa samun oga irinsa ba. Duk inda za a shiga shi ne a gaba. In mun ce ya bari mu fara, sai ya ce mahaifinsa ya koya mashi maganar wani janar, wai jagora shi ke fara shiga ruwa. Ranar ma shi ya fara."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Yaya Mamman, ya tsufa lokacin, ya dafa gwiwata ya ce ka ji tarbiyya. Ni kuwa falon tsohon gidanmu nake gani, da ni ina zaga shi ina jin daɗin magana. Na ce ma sajan na gode, Allah ya ba da lada. Da aka kawo kayansa littafin na ciki, bangon ya sha hannu har ya yi laushi, an ja layi ƙarƙashin maganar. Ni na mayar da shi akwati, shi ya sa kuka gan su bakwai cif.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ba sai an tuna mani ba. Ban kuma ce kuskure ya yi da ya shiga kogin ba. Ba na wurin, akwai mutane a ƙetare, wataƙila abin da ya dace ke nan, wataƙila ko ya ga hoton haka zai yi. Abin da ke cina shi ne ya tafi da rabin gado. Na koya mashi yadda ake shiga, na ɓoye mashi cewa mutumin da ya ci sunansa girmansa duka a kan ƙin shiga yake, ya taka ya ji ba za ta ɗauka ba ya ce a'a, ya biya da anininsa da yatsunsa. Wannan zaɓin hakkinsa ne ya san akwai shi. Na hana shi don kada mai fata ya yi mani dariya, mai fatan da yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan yanzu, Abba ne. Kun san tsakanina da shi ba kunya, jika ne, abokin wasa. Tsoho yake ce mani, ni in ce mashi ragon maza, ya sace mani dabino in bi shi da sanda. Ya karance littattafan bakwai tun yana aji ɗaya na sakandare, a unguwa har an fara ce mashi Ƙaramin Janar. Ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, ya shigo falo da takarda ya ajiye mani a cinya, ta makarantar da ubansa ya yi ce. Ya ce tsoho sa mani hannu, kada ka tsaya jan ƙafa, ai kai ka rubuta cewa jagora shi ke fara shiga ruwa. Na ce ya jawo mani akwatin ƙarfe. Ya jawo yana tsokanata wai zan ba shi gadon tsumma. Na ɗaga littattafan na ciro hoton na miƙa mashi. Ya duba, ya juya bayansa, ya sake dubawa, ya tambaye ni wane ne wannan mai tsintsiyar. Na ce shi ne mai sunan ubanka. Ya yi dariya yana jiran in yi, da ya ga ban yi ba ya daina.

A nan na ji bakina ya fara nauyin nan da na sani, irin na tasha. Har na fara lalubo wata maganar da zan kauce da ita. Ashe Hajiya na tsaye bayan labule. Ba ta shigo ba, daga can ta ce:

"Gaya mashi duka, Malam. Duk abin da ba ka gaya ma Abdulkarim ba."

Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ko ranar da aka kawo labarin rasuwarsa. Na ɗauke takardar daga cinyata na ajiye a kan tebur, na ce ma Abba ya zauna nan kusa da ni, na fara mashi daga ɗakin tukunya da kwalin da aka shimfiɗa mani.